Kawu Mai Sauraren Ƙasa

Ranar da Kawu ya rasu, abin da na fara lura da shi shi ne masu gaisuwa suna magana ƙasa-ƙasa. Za ka ce ai haka gidan mutuwa yake. A'a, ba irin wannan ba. Na san gidajen mutuwa a Konni, inda mata ke shiga da salati da ƙarfi, a yi kuka, a share hawaye, a kuma taɓa hirar tsadar gero a gefe. Amma a gidan Kawu, can ƙauyensu bayan Tsarnawa, mutum zai shigo ya ce "Allah shi jiƙan rai," sai ya ɗan waiga kamar wanda ya faɗi abin da bai kamata ba.

Wata tsohuwa, maƙwabciyarsu, ta durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta raɗa mata: "Abin nan na rami dai an ɗauke shi, ko?"

Iya ta dube ta da jajayen idanu. "An ɗauke shi tun tuni. Albasa anka zuba ciki. Yi kukanki da ƙarhi, albasa ba ta kai rahoto."

Matan ɗakin suka yi dariya cikin hawaye, ni ma na yi. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, wato Inna, mahaifiyata, ƙanwar mamacin. Tana zaune kusa da ƙofa, carbi a hannu, amma idonta da kunnenta suna waje. Kowa a ɗakin ya san wanda take jira. Shekaru da yawa kafin wannan rana, Baba, mijinta kuma mahaifina, ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba zai ƙara taka gidan Kawu ba, ko gawarsa ba zai bi ba. Ga gawar an kawo ranarta. In Baba ya cika rantsuwarsa, to an rufe wannan gaba cikin kabari ke nan, ba mai gyara ta har abada, kuma Inna za ta ƙare rayuwarta da mijin da ya ƙi sallatar yayanta.

Ina rubuta wannan da sanyin zuciya, ba zan ɓoye ba. Kawu ya sha jinya, kuma na gode wa Allah da Ya hutar da shi. Akwai wani dalilin sanyin kuma, zan zo gare shi. Amma ba na so yaran gidanmu su tashi da jin "mai sauraren ƙasa" a bakin mutane ba tare da sun san wace ƙasa ake nufi ba.

Kawu ɗan lakwal ne, wato ɗan makarantar boko, na farko-farko a danginmu. Ya yi aiki da masu binciken duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya zagaya jihar Tawa lungu-lungu, sannan ya aje aiki ya koma gonarsa. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai. Ba ya iya ba da amsa gajera. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara da tambayarka ko ka san me ya sa rana ke riga faɗuwa a Zinder kafin Yamai. Kuma yana da wata cuta guda: ba ya jin yadda maganarsa ke sauka a kunnen wasu. Ya faɗi gaskiyarsa ya wuce, ko waiwaye babu.

A shekarun mulkin soja, lokacin ina sabuwar malama a wata lakwal a Illela, wasu masu bincike suka zo daga Yamai, tsofaffin abokan aikinsa ne, tare da wani Bature. Suna neman wuri mai shiru, nesa da kwalta, mai dutse a ƙasa, da mutum mai kula. Gonar Kawu marmara ce fiye da rabi, abin da ya sa kullum Iya ke cewa gadon wahala ya ci. Suka haƙa rami a cikin marmarar, suka zuba masa daɓen siminti, suka ajiye wani ƙarfe mai kamar ƙaramin tulu, suka rufe. Waya ta fito daga ramin ta shiga wani ɗan ɗaki, inda wata ganga ke juyawa a hankali da takarda naɗe a jikinta, allura mai tawada tana jan layi a kai. In ƙasa ta motsa, ko da motsin da ƙafa ba ta ji, sai allurar ta karkace.

Aikin Kawu shi ne ya canja takardar kowace safiya, ya daidaita agogo da ƙarar da rediyo ke yi in awa ta cika, ya tara takardun a aika Yamai. Da mutanen ƙauye suka tambaye shi mene ne wannan, sai ya gyara tsayuwa ya ce, da alfahari: "Sauraren ƙasa muka yi. Dut abin da am motsa, tana rubutawa, mu aika Yamai."

To, jama'a. A wancan zamani ko a majalisar shayi mutum sai ya duba fuskoki kafin ya yi tari. Ga mu a bakin iyaka, inda rabin gari ke cin abinci da abin da ya tsallako ba da sallama ba. Kawu yana nufin ƙasar da muke takawa. Su kuwa suka ji ƙasar da ake mulka. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Konni cewa gwamnati ta dasa kunne a gonar Mushe, kamar yadda suke kiransa, wato "malam" da Faransanci.

Ni na je na gani da idona a wani hutu, kuma abin da ya nuna mini ya fi ƙarfin tsegumin. Ya ce a wasu ƙasashe masu nisa, bayan teku, ƙasa na girgiza har gidaje su zube. Girgizar ba ta tsayawa can. Tana ratsa cikin duniya ta ɓullo ƙarƙashinmu, ta gaji, ta yi laushi, amma tulun ƙarfen nan yana jin ta.

"Kin ga uwakki in za ta sayen tukunya?" ya tambaye ni. "Ƙwanƙwasa ta takai, ta kanga kunne. Ba ta shiga cikin yumɓu ba, amma ta san in da tsaga. To mu ba mu da hannun da za shi ƙwanƙwasa duniya. Sai mu jira Mai duniya shi ƙwanƙwasa, mu dai mu kasa kunne."

Ya nuna mini a takarda yadda girgiza ɗaya ke zuwa kashi biyu. Ta farko mai sauri ce, yana kiranta ɗan aike. Ta biyu tana biyowa daga baya, ta fi nauyi, ita ce mai kaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisan inda abin ya faru. Saurinsu kuma ya danganta da irin dutsen da suka ratsa, don haka in aka haɗa takardunsa da na wasu ramuka irin nasa a wasu wurare, sai a gane abin da ke ƙarƙashinmu, hawa-hawa. Bisa akwai yashi da marmara. Ƙasa da su akwai farin dutsen da ake fasawa a Malbaza a yi siminti, wanda ya ce tsohon gindin teku ne, kuma yana da ɓawon katantanwa a aljihu don mai gardama. Can ƙasa sai tsohon dutse mai tauri. Duk wannan shi ne ɓawon duniya. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani dutsen dabam, mai nauyi, mai zafi, wanda girgiza ke gudu a cikinsa fiye da na bisa. Ni da nake koya wa yara cewa da ka huda ƙasa sai wuta, ya ce in daina yi wa ɗiyan mutane ƙarya, dutse ne, ba ruwan wuta ba.

Abin da masu binciken suka fi so su sani shi ne inda ɓawon ya ƙare, wancan dutsen ya fara. Kawu yana kiran wurin iyaka. Ya ce in ɗan aike ya taso daga ƙasa ya iso iyakar, wani sashe nasa yakan rikiɗe ya koma mai kaya, kamar matafiyin da ya sauka daga mota ya hau jaki. Na mota ya riga isowa, na jaki ya makara kaɗan. Makarar nan ita ke faɗin zurfin iyakar.

"Can ƙasa ma akwai iyaka, ɗiyata," ya ce yana dariya, "sai dai babu duwan," wato 'yan kwastan.

Na roƙe shi don Allah ya daina faɗin kalmar iyaka a kasuwa. Bai gane abin da nake tsoro ba. Washegari na ji shi yana gaya wa mai nama cewa aikinsu bai wuce auna iyaka ba.

Yanzu ga Baba. Mahaifina mai kamyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar siminti daga Malbaza, yana ɗaukar albasa da gero daga ƙauyuka, kuma a wancan lokaci, Allah Ya yafe masa, yakan ɗauko wasu kayan da ba sa son kwalta. Akwai wata hanyar burji da ke saukowa daga tudu, ta bi ta bayan gonar Kawu, ta gangara fadama. Ba mai binta da babbar mota sai shi. Duk lokacin da ya wuce da gudu, allurar Kawu sai ta haukace, ta ɓata layin, in an yi rashin sa'a ta haɗiye wata girgizar da ta yi tafiyar rabin duniya kafin ta iso.

Da Kawu mutum ne mai dabara, da ya aika Inna. Sai ya tari Baba a wurin wani suna, a tsakiyar maza, ya ce masa: "Alhaji, motakka na damunmu. Dut sa'ad da ka wuce ta bayan gona, na'ura na jin ka. Har lokacin tana rubutawa, kuma takardun Yamai suka zuwa. Ka dinga bi a hankali."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. An ce Baba ya aje goron da ke hannunsa ya tashi. Ba a daɗe ba 'yan duwan suka tare motarsa a wata mararraba, suka sauke abin da ke ƙarƙashin albasa. Aikinsu suka yi, kuma kowa ya san motar Baba ba ta ɓuya, ana jin ta tun daga zango guda. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baba ya je ƙofar gidan Kawu, bai shiga ba, ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Mushe, ka ci amanar zumunta! Wallahi ba ni ƙara taka gidanga, ko gawakka ba ni bi!"

Kawu ya fito da tawada a yatsu, ya ce: "Alhaji, tulu na. Ba shi da kunne irin naka. Shigo ka gani." Baba ya juya ya tafi.

Inna ce ta je ta gani, don ita ba ta sayen tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sa ni na raka ta da rana tsaka. Ta ce Kawu ya tsaya wurin allura, ita kuma ta durƙusa a bakin ramin, ta leƙa, ta waiga, sannan ta faɗi ra'ayinta game da masu mulki da tsadar sukari, da kalmomin da ban san ta sani ba. Allura ba ta ko motsa ba. Sai ta miƙe ta buga ƙafa sau ɗaya, allura ta yi tsalle. Ta dawo gida da murna, gani ya kori ji, ta kwashe duka ta gaya wa Baba.

Baba ya gama saurare, ya ce: "Ke ma dai. Ai ba ta rubuta na 'yan gida."

Daga nan Inna ta bar zancen. Bai hana ta zuwa gidan yayanta ba, wannan zan shaide shi. Amma in ta dawo ba ya tambayar lafiyarsu, in ta kawo tsaraba ba ya ci. Mun yi salloli da bukukuwa da yawa a haka, ana raba tabarmar maza biyu.

Shi Kawu abin ya dame shi, sai dai ba ya nunawa. Mutane sun rage zama a ƙofar gidansa. In ya iso majalisa sai a koma zancen damina. Wani abin ma da ya ƙara masa baƙin jini alheri ne. Wani lokaci yakan fito daga ɗakin allura fuskarsa a sauye, ya ce wa Iya ta dama fura da yawa a ba mabukata. In an tambaya sai ya ce: "An yi babba, can nesa, wajen gabas. In da mutane wurin, yau wasu sun rasa iyayensu." Sai ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen da bai san yarensu ba addu'a. Bayan wani lokaci rediyo ya faɗi labarin. Mutanen gari kuwa su ce: kun gani ko, ya riga rediyo ji.

Liman ya taɓa tambayarsa ko bai ji tsoron leƙen ikon Allah ba. Kawu ya ce: "Malam, ban kira ta ba, ban iya hana ta. Ni dai in ta wuce ina cewa Allahu akbar da hujja." Liman ya yi dariya, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ba su daina shan shayinsa ba.

Doka ɗaya ya kafa a gonar: a taka a hankali. Shi kansa takalmi yake cirewa in ya doshi ramin. Ya sa Iya ta kai turminta can ƙarshen gida, abin da ba ta yafe masa da wuri ba. Duk da haka dakanta na fitowa a takarda, ƙanana-ƙanana a jere. Yakan duba ya ce mini: "Yau Iyarku hushi takai, dubi yadda taɓarya ka sauka." Iya kuma ta amsa daga madafa: "In tulunka ya san haka, shi hwaɗa maka dalili mana!"

Da aikin ya ƙare, masu binciken suka zo suka kwashe kayansu. Daga baya ɗayansu ya biyo ya gaya masa abin da suka samu. Kawu ya zo har Illela don ya faɗa mini, ko zama bai yi ba. Ya ce in aka ɗauki hanyar Konni zuwa Malbaza aka tsayar da ita a tsaye, aka cusa ta ƙasa, to wajen ƙarshenta ko gaba kaɗan, nan ɓawon ya ƙare. Na ce shi ke nan? Shekaru yana canja takarda, ya rasa suruki, ya rasa majalisa, don wannan? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Kakanninmu dut sun taka ta ba su san kaurinta ba," ya ce. "Ke kin sani. Kaɗan na?"

Zamani ya sauya, sojoji suka koma bariki, bakin mutane ya buɗe. Wasu suka fara cewa ai dama su ba su taɓa yarda da zancen ba. Amma raɗa ta riga ta zama ɗabi'a a ƙofar gidan Kawu, kuma Baba bai sauko ba. Ya daina ɗaukar kayan da ba sa son kwalta, ya yi furfura, ya sake komawa Makka, rantsuwa dai tana nan. Ni kaina na yi masa magana, a durƙushe, ya ce in tashi kada ƙafata ta yi tsami.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ya ƙi gado. Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, nan ya fi jin daɗi. Na je jinya wani hutu, ranar kasuwar wani ƙauye da ke bayan fadama. Da hantsi ina ba shi kunu sai ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru, in aza tafin hannuna a ƙasa. Na aza. Can na ji wani ɗan kaɗawa, sannan kunnena ya kamo rurin mota daga kan tudu. Motar Baba ce, ko cikin barci na san ta. Sai rurin ya ɗauke ɗif. Na ɗauka ta lalace. Shiru, shiru, sai ƙarar tayu a kan tsakuwa, a hankali, ta bayan gona. Da ta kai gindin gangara sai injin ya yi tari ya tashi, ta wuce.

Kawu yana murmushi. "Kin ji? Kashe ta yakai bisa tudu, shi gangaro da ita shiru. Tun satin da yay yi rantsuwa yaf fara. Na gani ga takarda, layin motatai ya koma ɗan siriri."

Na ce watakila tsoro ne, kada na'ura ta ji shi.

"Da fari, ƙila. To yau shekara nawa da ɗauke na'ura? Shi da kainai ya ga an hita da ita. Wa yaka ma shiru yanzu?"

Na ce to bari in je in gaya wa Baba cewa an sani, a yi ta ta ƙare. Ya kama hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kul. In yaj ji na sani, bari zai yi. Bar mu haka. Shi yana gaishe ni, ni ina amsawa."

Ashe dai mutanen gari ba su yi ƙarya duka ba. Tulun nan ya yi leƙen asirin mutum ɗaya, kuma abin da ya gano bai taɓa kai shi Yamai ba.

Kawu ya cika da safe, ranar wannan kasuwar. An aika Konni, ɗan aiken ya dawo ya ce Alhaji ya ji, ya ci gaba da ɗora kaya. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka fitar da makara ƙofar gida. Mu mata muna ciki, kunne ne idonmu. Muna jin babban ɗan Kawu yana roƙon liman a ɗan dakata, liman yana cewa ba a jinkirta gawa don mai rai, amma ni na lura alwalarsa ta ranar ta fi ta kullum tsawo.

Ina zaune a ƙasa kusa da Inna. Ban san lokacin da na aza tafina a daɓe ba. Na ji shi kafin kowa, ɗan kaɗawar nan. Sannan rurin ya bayyana a kan tudu, Inna ta daina jan carbi. Rurin ya ɗauke, kamar kullum. Tayu a kan tsakuwa, a hankali, ta bayan gona. Wallahi ban taɓa jin tsawon wannan gangara ba sai ranar. Na san inda injin ke tari ya tashi, kuma na san in ya tashi, shi ke nan. Na runtse ido ina jira.

Sai muka ji kukan birki.

Ba abin da ya tashi. Ƙofar mota ta buɗe, ta rufe. Sai muryar Baba, a dushe, ba irin wadda ya yi rantsuwa da ita ba: "Malam, wanda yay yi rantsuwa yak karya, mi a kaffara tai?"

Liman ya ce: "Shiga sahu tukuna, Alhaji. Kaffara ba ta gudu."

Inna ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun safe, ko in ce tun shekaru. Wannan karon ba wanda ya yi ƙasa-ƙasa. Iya tana share ido tana cewa: "Ku bar ta ta yi, yau ko tulun na nan sai dai shi yi haƙuri." Ni kuwa wani nauyi ya sauka daga ƙirjina har na ji kunyar irin daɗin da nake ji a gidan mutuwa.

Waɗanda suka je maƙabarta, wadda ke gindin tudun nan kusa da hanya, sun ce Baba ne ya kama gaban makara, ba takalmi a ƙafarsa, kuma da samari suka fara sauri sai ya ce musu su taka a hankali. Shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Washegari Inna ta dafa abincin kaffara da hannunta, kuma ban taɓa ganin ta zuba nama a tukunya da irin wannan sakin hannu ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa dogon bayani da gajeren lura. Ƙasar da ya yi shekaru yana saurare, Allah Ya sa ta yalwata gare shi, ta yi masa sanyi. Ya ba Iya haƙuri, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo.

Bayan an share makoki, Baba ya ce zai sauke ni a hanya in sami motar Illela. Ranar kasuwa ce, muka bi ta burji. Da muka hau kan tudu sai ya miƙa hannu ya murɗa makulli, motar ta yi shiru, muka fara gangarawa. Na yi kamar ban san komai ba, na ce: "Baba, lafiya ka kashe ta?"

"Tsimin mai nikai," ya ce, idonsa a kan hanya.

Muka wuce gonar, muka wuce ramin albasa. Da muka zo daidai maƙabarta sai ya ƙara taka birki, har jaki ma zai iya wuce mu. Ya ɗan juya kai wajen sabon tudun ƙasar, ya yi sallama a hankali. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Da can yana bisa ma yana ji. Bale yanzu da yake ciki."